Babi na Uku: Tudu Ɗaya, Hanyoyin Ruwa Uku

Idan hadari ya haɗo a kan tsaunukan Jos a watan Agusta ya zubar, ruwan ba wuri guda yake nufa ba. Wanda ya sauka a cikin garin Jos ya gangara rafin Dilimi, arewa maso gabas zai yi, ya ratsa ƙasar Bauci da Jigawa da Yobe, in da rabon isa ya ƙare a Tafkin Cadi. Wanda ya sauka kudu maso yamma da garin, wajen Vom, kogin Kaduna ne zai ɗauke shi ya miƙa wa Neja. Wanda kuwa ya sauka a gangaren gabas, Gongola zai shiga ya bi ta Binuwai. Na biyu da na uku za su sake gamuwa a Lakwaja su nufi Tekun Atilantika tare. Na farko ba zai taɓa ganin teku ba.

Dalilin wannan rabuwa tsayin ƙasa ne. Tudun Jos yana zaune a tsakiyar Arewa kamar ƙwaryar da aka kife, tsayinsa ya haura mita 1,200 daga bakin teku, tsaunin Shere ma ya zarce mita 1,800. Tsayin nan shi ke tare iskar damina, har ruwan da ke sauka a Jos ya kai wajen milimita 1,400 a shekara, alhali a Nguru da ƙyar yake kai 500. Arewa maso yamma da shi akwai wani tudun wanda bai kai shi tsayi ba amma ya fi shi faɗi, wato shimfiɗar ƙasar da ta haɗa Zariya da Funtuwa da yammacin Kano. Daga nan kogin Sakkwato ya yi yamma, Calawa ta yi gabas.

Ke nan kusan duk kogunan Arewa aiki iri ɗaya suke yi: su ɗebo ruwa daga inda yake da yawa su kai inda ake ƙamfarsa. Manomin shinkafa a Argungu da mai tattasai a Difa, rabin abincinsu yana rataye ne a kan ruwan saman da ya sauka a wata ƙasa mai nisa, wadda watakila ba su taɓa taka ta ba.

Kaduna da Gongola

Kogin Kaduna mai gaggawa ne. Tafiyarsa kimanin kilomita 550 ce, a kan hanya ya karɓi Galma, wadda ta biyo ta Zariya, ya raba garin Kaduna biyu, ya karɓi Mariga, sannan ya faɗa Neja a Muregi, daura da Pategi, a ƙasar Nufawa. Yawancin hanyarsa a kan dutse take, da gangara da matsatsi, abin da injiniyan lantarki ke nema ke nan. Shi ya sa aka datse shi a Shiroro a 1990 domin samar da megawat 600, aka sake datse shi a Zungeru domin megawat 700. Zungerun nan ita ce hedkwatar Turawa a Arewa kafin su tattara su koma Kaduna a 1917, kuma duka biyun a bakin wannan kogi suke.

Gongola kuwa hanyarta da ban mamaki. Daga tsaunukan Jos sai ta miƙe arewa maso gabas kamar mai zuwa Cadi, ta wuce Gombe Abba, tsohuwar hedkwatar masarautar da Buba Yero ya kafa, har ta isa Nafaɗa. A nan sai ta yi kwana ta fuskanci kudu, ta karɓi Hawul, ta shiga Binuwai a Numan. Masana ƙasa na ganin a da can Cadi take zuwa, sai wani rafi daga ɓangaren Binuwai ya yi ta cin ƙasa yana hawowa arewa har ya tarar da ita ya janye ruwanta. A ƙarƙashin wannan kwana aka gina madatsar Daɗin Kowa, can ƙasa kuma ta Kiri, wadda ke shayar da gonakin rake na Numan.

Sakkwato da Rima

A watan Maris, wanda ya tsaya a bakin ɗaya daga cikin kogunan Zamfara ko Katsina ba ruwa zai gani ba, yashi zai gani fari fat, da tifofi suna loda, da sawun shanu. Amma ruwan yana nan. Yaro zai durƙusa ya tona rami kamu ɗaya ko biyu, ya ɗan dakata, ruwa ya tsattsafo garau, ya sa moɗa ya cika jarka. A gefe mai lambu ya kafa bututu cikin yashin ya ɗaura injin ban ruwa, inda kakansa ke amfani da jigo. Haka saman kogin Sakkwato yake, da Gagare da Bunsuru da Zamfara da Ka: ƙasan da suke bi dutse ne, ba ya riƙe ruwa, da damina su cika su tumbatsa cikin sa'o'i, da rani su ƙafe.

Labari yana canzawa ne idan kogin ya wuce Gusau da Talatar Mafara ya sauka daga kan dutse ya shiga ƙasa mai laushi. Kwarinsa sai ya buɗe ya zama fadama mai faɗin kilomitoci, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ya riƙa tsattsafowa yana ƙara masa, har ya daina ƙafewa. A kusa da birnin Sakkwato ya gamu da Rima, ya lanƙwasa kudu, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, inda ake ce masa Gulbin Kabi, ya karɓi Zamfara da Ka, ya shiga Neja. In aka duba taswira, wani babban lauje ya zana.

Rima tana da reshe wanda bai san iyaka ba. Gulbin Maraɗi a ƙasar Katsina ya taso, ya tsallaka Jamhuriyar Nijar ya ratsa Maraɗi da Tsibiri, sannan ya komo Nijeriya ya shiga Rima. Da aka gina madatsar Jibiya a kansa, masu lambu a Maraɗi ne suka fara gani a jikinsu. Irin wannan matsala ce ta sa ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniya a Maiduguri a 1990, kan yadda za su raba ruwan koguna huɗu da suka yi tarayya a kansu, ciki har da wannan gulbi da ƙarshen Komadugu Yobe.

Tarihin yammacin ƙasar Hausa a bakin fadamar nan ya gudana. Surame ta Kanta, Alƙalawa ta Gobirawa wadda ta faɗi a 1808, Sakkwato da Muhammadu Bello ya gina a 1809, da Wurno, duk a gefen wannan kwari suke. Ba abin mamaki ba ne, domin fadama tana ba da abu uku da tudu ba ya bayarwa: shinkafa da damina, kifi da kaka, ciyawar dawaki da shanu da rani.

Kifin ne ya yi wa Argungu suna. A ranar bikin kamun kifi, dubban Kabawa sukan jeru a bakin kogin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ana buga bindiga sai su ruga su faɗa ruwa gaba ɗaya. Mutum ya kwanta ruf da ciki a kan gora tana ɗauke da shi, yana laluben ƙasa da homa, in ya kama ƙarami ya jefa cikin bakin gorar, in giwan ruwa ne sai an kawo masa ɗauki. An soma bikin a siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Abin da ke sa a samu manyan kifaye shi ne hana kamun kifi a wannan wuri sauran watannin shekara.

Madatsu sun sauya wannan tsari. An kammala Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, Goronyo a kan Rima ta biyo baya. Bakolori ta zo da jini: a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanyoyin aikin suna neman diyyar gonakinsu, gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. A ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar kuma ambaliyar shekara ta ragu, filayen shinkafa da yawa suka koma na gero da dawa, masunta suka yi ƙaura. Madatsun ba su hana ruwa yin ɓarna a shekarar da ya yi yawa ba: a 2010 Rima ta cika ta share ƙauyuka, ta yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na jami'ar Sakkwato.

Baƙi biyu daga waje

Manyan kogunan biyu ba a Arewa aka haife su ba. Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, ya taso ne daga tsaunukan Gini, kilomita 240 kacal daga teku, amma ya juya wa tekun baya ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200. Ya bi ta Bamako da Tumbuktu da Gawo da Yamai, ya wuce Gaya, sannan ya shigo Jihar Kebbi.

Wannan doguwar hanya ta sa yake cika sau biyu a shekara. Cikowar farko tana zuwa tsakanin Agusta da Oktoba, ruwan daminar gida ne da su Gulbin Kabi ke kawowa, duk ya gauraye da laka. Ta biyu tana isowa ne da sanyin hunturu, lokacin da ko ɗigon ruwa ba a yi a ƙasar Yawuri. Ruwan Gini ne, wanda ya yi watanni yana malala a babbar fadamar tsakiyar Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso a tace. Wannan cikowa ta biyu tana cikin abin da ke sa injinan Kainji su ci gaba da juyawa da rani. An gama madatsar Kainji a 1968, tafkinta ya shanye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya kuma tayar da mutane fiye da 40,000, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai. Sarkawa masunta, waɗanda asalinsu Kabi ne, suka bazu a gaɓar sabon tafkin.

Binuwai daga tudun Adamawa na Kamaru ya fito, tsawonsa kimanin kilomita 1,400. Ya wuce Garwa, ya karɓi Faro a kusa da iyaka, ya bi ta Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, da Numan da Ibi da Makurɗi, yana tattara Taraba da Donga da Katsina Ala daga tsaunukan da ke kan iyakar Kamaru. Ba shi da wata fadamar Mali da za ta rage masa gudu, don haka da rani tsibiran yashi ne birjik a cikinsa, da damina kuwa ruwan da yake kawowa Lakwaja yakan fi na Neja. Tun da Kamaru ta gina madatsar Lagdo a 1982 ake maganar Nijeriya za ta yi tata a Dasin Hausa domin tare abin da aka sako, har yau ba a yi ba. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar, ta 2022 ta kashe fiye da 600. Lagdo ake fara zargi duk shekara, amma kaso mai yawa na ruwan daga rassan da ke cikin Nijeriya yake fitowa, kuma yawancinsu ba a datse su ba.

Kogin da ke raguwa yana tafiya

Galibi kogi ƙaruwa yake yi in yana gangarawa. Na ɓangaren Cadi raguwa yake yi.

Kogin Kano ya fito daga gindin tsaunukan Jos ya ratsa dajin Falgore, ya gamu da Calawa a kusa da Tamburawa, suka wuce Wudil a matsayin kogi ɗaya wanda ake kira Hadeja. Jama'are, wanda ake kuma ce wa Bunga, shi ne ke ɗauke da ruwan Dilimi. Dukansu da sun bar ƙasar dutse sai su shiga tsohon kwarin Cadi, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yashi, cike da tsoffin tuddan rairayi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa kawowa nan. Babu sauran wani rafin kirki da zai ƙara musu ruwa. Sai su rarrabu tsakanin tuddan, wani reshe ya yi Kafin Hausa, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi Marma ya ƙare a tafkin Nguru. Rana ta sha nata, yashi ya sha nasa. Abin da ya tsira shi ke haɗuwa a kusa da Gashuwa ya zama Komadugu Yobe.

Ruwan da ya ɓace a hanya ba asara ba ne. Shi ne dausayin Hadeja da Nguru, inda fili guda ke ciyar da mutum uku a shekara: manomi ya shuka shinkafa ruwa na tahowa, masunci ya kafa gura da kalli ruwa na tsaye, Bafulatani ya sako shanu ruwa na janyewa. Wanda ya nutse cikin yashi shi ke cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogin. Agwagin daji da sauran tsuntsaye daga Turai sukan sauka a nan da hunturu, musamman a Dagona, kuma a 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka ƙara ta Calawa kusa da Ƙaraye. Amfaninsu a fili yake. Da su birnin Kano ke shan ruwa, da Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura, inda shinkafa da alkama da tumatur ke fitowa a watannin da a da ƙasa ke kwance. Amma madatsun sun zo daidai da shekarun fari, filin da ambaliya ke rufewa a dausayin ya sauko daga fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a lokacin sun gano cewa ruwa daidai gwargwado ya fi kawo amfani in an bar shi ya malala a dausayin, in aka haɗa noma da su da itace, fiye da in an zuba shi a gonakin ban ruwa na Kano.

Akwai wata ɓarnar da ba a zata ba. A da kogin yakan bushe ƙarƙaf da rani, duk ciyawar ruwa ta mutu. Yanzu ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, wannan kuwa shi ne abin da kacala ke so. Ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, saiwarta a sarƙe take cikin laka, in an sare ta sama da ruwa sai ta sake tohowa. Mai kwalekwale a mashigin Marma yakan tura da gora ta wata 'yar siririyar hanya da aka sheme da adda, bango kore dama da hagu, ba ya ganin gaɓa. Kacala ta toshe tsoffin hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama makwancin tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero, ga sauro ga tsargiya. Ruwan Hadeja da ya kamata ya wuce Gashuwa sai ya karkata Nguru ya kwanta a gonakin mutane, wasu na kuka da ambaliya, maƙwabtansu na kuka da ƙishirwa.

Daga Gashuwa Komadugu ya wuce Gaidam, kusa da kangon Birnin Ngazargamu, hedkwatar daular Borno ta fiye da shekara 300, ya karɓi Komadugu Gana a wajen Damasak, ya zama iyakar Nijeriya da Nijar na kimanin kilomita 150. A gaɓarsa ta arewa ake noman tattasan Difa, wanda ake busarwa a loda a buhuna a kawo kasuwannin Nijeriya, sana'ar da rikicin Boko Haram ya durƙusar daga 2015. A kusa da Boso yake shiga tafki, amma abin da yake kawowa ƙalilan ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga Tafkin Cadi daga Shari da Lagwan yake zuwa, ta kudu. Ngadda ma, mai ratsa Maiduguri, a fadamar Jere yake ƙarewa, ko da yake ya nuna ƙarfinsa ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye birnin.

Yau yawancin ruwan da ke wuce Gashuwa na Jama'are ne, domin shi ne babu babbar madatsa a kansa. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka soma aikin datse shi a Kafin Zaki, aka tsaya, kuma duk lokacin da aka tayar da maganar sai ta raba kan jihohi: Bauci na hangen noman rani, Yobe da Borno na hangen kogin da zai iya daina isowa gare su. A 2006 jihohi shida da ruwan ya ratsa, wato Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka yi taro a Damaturu tare da gwamnatin tarayya, suka amince da tsarin kula da kogin baki ɗayansa, suka kafa asusun haɗin gwiwa. Ayyukan da suka biyo baya ba manyan gine-gine ba ne. Yashe hanyoyin ruwa ne, da gyaran gaɓa, da saran kacala, wani wuri da inji, wani wuri da gayyar mutanen ƙauye da adduna, kuma aiki ne da sai an maimaita shi kusan kowace shekara kafin ruwan Agusta ya iso.